Mage A Gidan Ma'aurata: Amanar Da Ba Ta Iya Kai Ƙara

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobi, Ya kuma ɗora mana nauyinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A da, mage a gidan Bahaushe ma'aikaciya ce. Ta tsare rumbu daga ɓera, ta ci ragowar tuwo, dare ya yi ta haura katanga. Yau abin ya sauya a biranenmu. Za ka iske miji da mata su biyu rak a gidan haya, tare da mage mai dogon gashi 'yar asalin Farisa da aka saya da kuɗi masu kauri, an raɗa mata suna, an ware mata kwano da wurin kwana. Wasu aku ne, wasu tattabaru, wasu zomaye.

Tambayoyin da masu irin wannan kiwo suka fi kawo wa malamai ba su wuce na tsarki ba: idan ta sa baki a ruwa ana alwala da shi? Idan gashinta ya maƙale a tufa ana salla da ita? Amsar mai sauƙi ce. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana cewa Manzon Allah (SAW) ya kore mata najasa, domin tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Jikinta da gashinta da ragowar ruwanta duk masu tsarki ne. Fitsari da kashinta ne ake wankewa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ba a cika yi ba: mene ne haƙƙinta a kaina? Wannan haƙƙi ba a ranar wasa da ɗaukar hoto yake bayyana ba. A lokuta uku ake gane mai riƙon amana: ranar da tafiya ta taso, ranar da yanayi ya tsananta, da ranar da ciwo ya shigo gida.

Yadda suke wuni

Akwai wasu ma'aurata a nan Kano, mijin ma'aikaci, matar malamar makaranta, da suke kiwon maguna biyu. Tsarin gidansu ya isa misali. In maigida ya dawo daga sallar Asuba, shi yake zubar da ruwan jiya ya ɗauraye kwano ya zuba sabo. Uwargida ta ba su abinci kafin ta fita, da yamma kuma a sake. Akwai faranti mai zurfi cike da yashi a lungun tsakar gida, inda suke biyan buƙata, ana kwashe shi kullum.

Ba haka suka faro ba. Shi ya kawo magen farko ba tare da shawara ba, wasa da ita nasa, shara da wanki nata. Sai da rai ya ɓaci kafin suka zauna suka raba aikin. Nan ne yawancin gidaje suke tuntuɓe: ɗaya ya ɗebo sha'awa, ɗaya ya ɗauki wahala. Duk wanda zai shigo da rai cikin gida, ya fara neman yardar abokin zamansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita. A Mukhtasar na Shehu Khalil an tabbatar da cewa mai dabba shi zai ciyar da ita in babu makiyaya, idan kuwa ya ƙi, a sayar da ita ga wanda zai iya. Ita mage Allah Ya halicce ta maciyar nama, tuwo tsura ba ya riƙe ta. Tana buƙatar kifi, ko kan kaza, ko tarkacen nama dafaffe. Albasa da tafarnuwa da ke cikin miyarmu suna lalata mata jini, madarar shanu kuma takan sa da yawa daga manyan maguna gudawa. Sai dai a kiyaye mizani: ba daidai ba ne a sayi abincin gwangwani na mage alhali kuɗin cefane bai cika ba, ko ana bin maigida bashin da ya kai lokacin biya. Haƙƙin iyali yana gaba.

Ranar da tafiya ta taso

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda mage. Ta kulle ta har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. Abin lura shi ne ruwayar ba ta ambaci duka ko jifa ba. Kullewa ce da sakaci. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da yake faruwa idan aka ja ƙofa aka sa kwaɗo aka tafi garinsu bikin Salla na mako guda, an bar tulin abinci da bokitin ruwa ana cewa zai isa. Abinci yakan lalace a kwana ɗaya cikin zafi, ruwa yakan kife, mage kuma in ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta takan taɓu.

Da waɗannan ma'aurata suka tashi tafiya Umara ta mako biyu, sun bar magunan a gida, domin mage ta fi sabo da wuri, sauyin muhalli yakan hana ta ci. Suka ba ƙanin miji makulli, da kuɗin abinci na kwanakin har da ƙari, da lambar likitan dabbobi. Suka nuna masa komai da idonsa kwana biyu kafin tafiya, suka kuma roƙi wata maƙwabciya ta riƙa leƙawa ko da uzuri zai riƙe shi. Maniyyaci yakan biya bashi ya rubuta wasiyya kafin ya hau jirgi. To ya sa wannan ma cikin lissafi. Abin tsoro ne mutum yana ɗawafi yana neman rahama, a gidansa kuwa wani rai yana kukan ƙishirwa a bayan ƙofar da shi ya kulle.

Kada wani ya ce ai hadisin ya ba da zaɓin saki. Sakin yana amfanar magen da ta iya farauta ta kuma san unguwa. Wadda aka raina a ɗaki tun tana jaririya, in aka ajiye ta a bakin kasuwa, an miƙa ta ne ga yunwa da karnuka da tayar mota. Idan kuma tafiyar da ita za a yi, a sa ta a kwando mai shan iska a cikin mota, ba a but ba, kada kuma a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana ko da na tsawon salla ɗaya ne.

Hunturu, bazara da damina

A watannin Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, mage takan nemi ɗumi a duk inda ta samu, har cikin injin motar da aka kashe da dare. Shi ya sa wannan magidanci ba ya tayar da mota da safe sai ya bubbuga murfin injin. Ƙura takan jawo musu mura da kwantsar ido, don haka ake shigar da su ɗaki da dare a shimfiɗa musu tsohon bargo. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne ga mutum da dabba baki ɗaya, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Bazara ta fi tsanani. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga ɗaukewar wuta. Mage ba ta gumi kamar mutum sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa, masu dogon gashi da gajeren hanci kuma sun fi jigata. Idan ka ga mage ta buɗe baki tana haki, ta galabaita ke nan. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi, a nemi likita. Uwargidan nan takan zuba ruwa a kaskon ƙasa a wurare biyu, ta bar musu ƙofar ɗakin da ya fi sanyi a buɗe.

A wasu shekarun azumi yakan faɗo a wannan yanayi. Gida yakan yi tsit, ba a ɗora tukunya sai La'asar, sai a manta cewa dabba ba ta azumi. A tuna da mutumin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ga kare yana lallage harshe don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ciko huffinsa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar musu da lada a kan kyautata wa kowane mai rai. In an sami gafara a kan karen da ba a san mai shi ba, ina ga dabbar da take ƙarƙashin rufinka?

Damina kuma lokacin ƙuma ne da kaska da tsutsar ciki, da makero wanda yake iya tsallakawa zuwa ga yara. Lokacin feshin sauro ne ma: a fitar da dabba kafin a fesa fiya-fiya, a kuma yi hattara da inda ake ajiye maganin ɓera.

Idan ciwo ya shigo

Tausayi ba tare da sani ba yakan yi kisa. Mutum zai ga magensa ta yi laushi ya ɓallo mata rabin ƙwayar farasitamol, alhali guba ce gare ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dabba tana da likitanta. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ga kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana samar da alluran rigakafi.

Mafi muhimmanci shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Yawanci daga cizon kare ne, amma mage ma tana iya ɗauka. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Ana fara yi wa dabba allurar tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Wanda dabbar da ake shakka ta ciza ko ta yaƙusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Wanda ya bar dabbarsa ba allura, ya jefa 'ya'yan maƙwabta cikin haɗari, cutar da maƙwabci kuwa haramun ce.

Haihuwa ma abin shiri ce. Cikin mage bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba, tana kuma iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Ɗaure 'ya'yanta a buhu a jefar a bola zalunci ne. Ko a nema musu masu riƙo, ko a kai uwar likita ya yi mata aikin tsayar da haihuwa, wanda malamai da dama suka halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba.

Jarrabawar da ta fi taɓa waɗannan ma'aurata ta ɓangaren dangi ta zo. Da haihuwa ta yi jinkiri, sai aka fara raɗe-raɗin cewa magunan ne, musamman da yake ɗaya baƙa ce. Wannan camfi ne. Baƙin launi ba shaidar maita ba ce, haihuwa kuma kyautar Allah ce, jinkirinta asibiti ake kai wa tare da addu'a. Mijin bai yi wa mahaifiyarsa musu ba, bai kuma bar matarsa ita kaɗai da maganar ba. Ya bi Hajiya da lalama har ta sauko.

Abin da yake gaskiya shi ne, akwai wata ƙwayar cuta da ake iya samu a kashin mage, wadda take iya cutar da ɗan tayi. Da Allah Ya kawo rabo, sai maigida ya karɓi kwasar yashin gaba ɗaya har ta haihu, yana yi kullum, domin ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya ko fiye kafin ta zama mai yaɗuwa. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙaninsa aka kira, ba ita ta taɓa ba. Amma in likita ya tabbatar da cewa gashin dabbar yana tayar wa ɗayansu asma, to lafiyar mutum ce a gaba. A nema mata gida na gari.

Daga baya tsohuwar magen ta mutu. Uwargida ta yi kuka, mijin bai yi mata dariya ba. Yana da madogara: Manzon Allah (SAW) da kansa ya kula da damuwar yaro Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, a kan ɗan tsuntsunsa da yake wasa da shi. Suka haƙa rami suka binne ta, ba su jefa ta a kwata ta dami jama'a da wari ba.

Kafin ka kawo ta gida

Kiwon mage halal ne, ba wajibi ba. Wanda bai ajiye ba babu laifi a kansa, amma wanda ya ajiye ya ɗaura wa kansa wajibi. Saboda haka miji da mata su amsa tambayoyi uku tun kafin dabba ta taka ƙofa. Wa zai riƙe ta in mun yi tafiya? Ina za ta fake in sanyi ko zafi ya tsananta? Muna da halin kai ta likita in ta kwanta? In an rasa amsar ɗaya daga ciki, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai son ladan bai rasa hanya ba: ya ajiye kaskon ruwa a ƙofar gida a wannan bazara, magunan unguwa da tsuntsaye su sha.

Mace in an tauye ta tana da waliyyi da alƙali, ɗan aiki yana da bakin magana, ita kuwa dabba ba ta da mai karɓar ƙararta sai Wanda Ya halicce ta. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sa a hannunmu, Ya sanya tausayi a zukatanmu da gidajenmu, Ya yi mana rahama duniya da lahira. Amin.