Macijin da ke neman hanyar fita, da batun ɗumama masa akwati

A shirin wannan makon mun taɓo maganar da ba kasafai ake kawo mana ita ba, wato ajiye maciji a gida. Kada ka ce wannan harkar Turawa ce. Gardawa sun daɗe suna yawo da macizai a akwati, masu tallan magani na fito da su a kasuwa don tara jama'a, yanzu kuma ga samari da ke ganin hotuna a Facebook da TikTok, sai su sayi 'yar mesa su ajiye a ɗaki. To, a New Bell ta Duwala, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, silin kuma sau da yawa a haɗe yake daga wannan ƙarshen gida zuwa wancan, ranar da macijinka ya fita ya zama matsalar kowa.

Bari mu fara da abin da ke sa shi neman fita. Jikin maciji ba ya riƙe ɗumin kansa kamar naka ko na kaza. Daga waje yake samun zafi. A daji, in ya ji sanyi sai ya fito ya kwanta inda rana ta gasa, in zafi ya yi masa yawa ya koma rami ko cikin suri. Akwati ya raba shi da wannan zaɓi. Saboda haka in ka ga macijinka dare da rana yana bin kusurwa, yana tura murfi da hanci har fatar hancin ta saɓule, kafin ka ce mugunta ce, sa ma'aunin zafi a cikin akwatin. Sau da yawa gasuwa yake yi. Akwai wasu dalilan: yunwa, sabon wuri, namiji a lokacin barbara, da rashin maɓoya. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kifa, aka fasa mata ƙofa a gefe, ta isa ta kwantar masa da hankali, guda a kowane gefe na akwatin. Ɗan yawon dare kuwa ɗabi'arsa ce, ba abin damuwa ba ne.

Macijin da aka fi ajiyewa a duniya don sha'awa ai namu ne, ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Ana samunta daga Sanagal har Kamaru da gaba, kuma daga Gana da Togo da Binin ake fitar da ita da yawa zuwa Turai da Amurka. Masu kiwonta a can suna ba ta gefen ɗumi mai digiri 30 zuwa 32, da gefen sanyi mai kamar 25 zuwa 27. Mutumin Ingila ko Jamus ba zai samu wannan ba sai da fitila da tabarmar lantarki, shi ya sa duk bidiyonsu maganar ɗumamawa ce. Kai fa? Duwala da rana tana kai 30 zuwa 32, da dare ba ta cika sauka ƙasa da 23 ba. Ka ga garin da kansa ya yi maka aikin. In ka ƙara ƙwan fitila mai zafi a akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano a watan Fabrairu, girki kake yi. Haka nan akwatin gilashi kusa da taga: rana ta ɗan lokaci kaɗan tana iya kashe shi, don ba shi da inda zai gudu. Zafi ya fi sanyi saurin kisa a wajen maciji.

Abin da ya fi damun mai maciji a Duwala damshi ne. A Yuli da Agusta, da ruwa ke kwana yana zuba, kwatoci na cika, ƙasan ɗaki na tsattsafo, macijin da ke kwance a jiƙaƙƙen wuri yakan yi ƙuraje a ciki, ko ka ji yana huci da majina a baki. Ɗaga akwatin daga ƙasa, huda masa ƙananan kafofin iska, ka riƙa canza shimfiɗa.

Masu saurarenmu na arewa kuwa, Marwa, Kano, Maraɗi, Damagaram, labarinku daban ne. Daren hunturu a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan sanyi abinci ba ya narkewa a cikin maciji, sai ya amayo shi ko ya ruɓe masa a ciki. Nan kam ɗumamawa ta zama dole, sai dai da ƙa'ida.

Ga inda ake yawan yin ɓarna. Maciji ba ya janye jiki daga abu mai zafi da sauri kamar yadda kake janye hannu daga murfin tukunya. Yana iya naɗe ƙwan fitila ko ya kwanta a kan faranti mai zafi har cikinsa ya ƙone, kai ba ka sani ba sai ka ga saɓar ta yi baƙi. Don haka abin ɗumamawa ya zauna a waje, ko a bayan ragar ƙarfe da ba zai iya taɓawa ba. Ya ɗumama kashi ɗaya cikin uku na akwatin kawai, a bar sauran da sanyi. Kuma a haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta da kanta in zafi ya kai iyaka. In ba ka da wannan na'ura, gara ka haƙura da lantarkin. Tafin hannunka ba ma'auni ba ne: abin da ka ji da ɗumi sosai, shi ya yi masa yawa.

Sai kuma gobara. Akwatin katako, ga tsumma ko dusar katako a ciki, ga wayar da aka jona da leda, ga wuta da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi tsakar dare. Duk wanda ya san sau nawa Kasuwar Kongo ta tashi da wuta bai kamata ya yi wasa da wannan haɗi ba. Gawayi kuma kada ma a fara. Garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iskar da ba ta wari, takan kashe mutum yana barci, balle abin da ke kulle a akwati. In an ɗauke wuta a daren sanyi, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane, a jingina ta daga waje, ta wadatar.

Yanzu murfi. Inda kan maciji ya shiga, jikinsa zai bi, kuma mesa na da ƙarfin ɗaga murfin da aka danne da bulo. Sakata ake sawa, da kwaɗo in da yara. Duba ramin da waya ta shiga, duba kowace kafar iska. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata babbar mesa irin ta dajinmu ta fita daga ɗakinta ta bututun iska, ta bi silin, ta faɗo inda wasu yara biyu 'yan gida ɗaya ke barci, mai shekara 4 da mai shekara 6. Duka biyun sun rasu. Babbar mesa takan wuce mita 4, kuma a ganinmu ba ta da wurin zama a gidan haya ko da wane irin akwati.

Mai dafi kuwa, kasa, kububuwa, gamsheƙa, kumurci, shawararmu a taƙaice ita ce a'a. Wai an cire masa haƙori? Haƙorin maciji na sake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara saboda saran maciji, kuma allurar dafi ba a kowane asibiti ake samunta ba. Ka kuma sani cewa a Kamaru namun daji na ƙarƙashin ma'aikatar gandun daji ne, MINFOF, ka je ka tambayi matsayin wanda kake riƙe da shi da takardar da ake bukata. Ko marar dafi ne, wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi, don kashinsa na ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zazzaɓi da gudawa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa.

In kuma ya riga ya fita, kada kunya ta sa ka yi shiru. Sanar da mai gida da maƙwabta nan take, a ɗauke jarirai daga tabarma, a rufe kaji. Yawanci ba ya nisa a kwanakin farko. Nemi wuri mai duhu da ɗumi: bayan firji, ƙarƙashin katifa, cikin buhunan kaya, saman silin. Da dare a barbaɗa garin rogo ko fulawa a bakin ƙofofi da gindin bango, da safe sawunsa zai nuna maka ɗakin da ya shiga.