KAFIN KA MIƘA MAKULLI: HUKUNCIN HAYA GA SABON MAIGIDA A FAGGE DA SABON GARI

Akwai wani buri da ya haɗa ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati a Kano, watau mutum ya mallaki ɗan gida ko 'yan shaguna ya zuba haya, domin ran da ƙarfi ya ƙare ko aka yi ritaya ya sami abin cefane. Wani da garatuti yake saya, wani da ribar fatauci, wani kuwa rabon gado ne ya faɗo masa. Buri ne mai kyau, kuma halal ne. Sai dai da yawa daga cikin masu shiga wannan harka karon farko, kafin shekara ta zagayo sai ka gan su gaban mai unguwa ko gaban alƙali, su da wanda suka miƙa wa makulli cikin fara'a. In aka bi diddigin rigimar, galibi za a tarar ta taso ne daga maganar da aka ji nauyin yi ranar da aka ƙulla haya.

Fagge da Sabon Gari sun daɗe da sanin baƙo. Tun kafin zuwan Turawa Fagge zango ce a wajen ganuwa, inda fatake da ayarin Buzaye ke sauke raƙumansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Yau unguwannin biyu suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Fagge, ga Kantin Kwari, ga kasuwar Sabon Gari. Saboda haka mai ɗaki a nan ba ya rasa mai nema, amma masu neman iri-iri ne: magidanci, da gwauro, da ɗan kasuwar da ke son wurin ajiyar kaya, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Kowannensu Shari'a ta ba shi haƙƙi a kan maigida.

Kuɗi sananne, lokaci sananne

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar wannan babi ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta nuna cewa haya 'yar'uwar ciniki ce wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta, kuma dole a san kuɗin, a san tsawon lokacin. Maganar nan ta “ku shiga tukuna, ma daidaita” ita ce mafarin fitina.

Muhtasar na Shehu Halilu ya rarrabe haya iri biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara guda daga watan kaza a kan kuɗi kaza. Wannan ta ɗaure kowa: maigida ba shi da ikon ƙara kuɗi ko korar mutum kafin wa'adin ya cika, ko da wani attajirin Kwari ya zo da ninki biyu. Akwai kuma wadda aka ce kowane wata kaza ba tare da iyaka ba. Wannan ba ta ɗaure kowa ba sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Sabon maigida ya kamata ya san wacce ya ƙulla.

Sa'an nan a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce a yi takarda bai zargi kowa ba, umurnin Ubangijinsa ya bi. A sa sunaye, da kuɗi, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wanda zai biya la'adar dillali, shaidu biyu su sa hannu, kuma duk ran da aka karɓi kuɗi a ba da rasiɗi. Wannan ya fi zama dole idan ɗan hayar aboki ne ko ɗan'uwa, gama a nan ne kunya ta fi rufe baki.

Me za a yi a cikin gidan?

Tambaya ta biyu ita ce amfanin da za a yi da wurin. Ba laifi Musulmi ya ba wanda ba Musulmi ba hayar ɗakin kwana ko shagon sana'ar halal, kuma haƙƙinsa na cika alkawari daidai yake da na Musulmi. Abin da malamanmu suka hana shi ne a ba da wuri alhali an san giya za a sayar ko masha'a za a yi a ciki, domin taimako ne a kan saɓo, kuɗin kuma ba su halatta ba. An ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano cikin 2000, aka kafa Hukumar Hisba cikin 2003, amma wannan bai ɗauke wa maigida nauyin bincike ba. Kada ya ce dillali ne ya kawo. Shi za a tambaya.

Haka kuma malamai sun yarda ɗan haya ya zaunar da wani a madadinsa, muddin zaman na biyun bai fi nasa cutar da ginin ba. To, wanda ba ya son ɗakin da ya bayar don kwana ya wayi gari ya gan shi cike da diloli ko jarkokin fetur, sai ya ambaci irin amfanin da ya yarda da shi a cikin takarda.

Yoyo, masai da gobara

A nan ne sabon maigida kan gane cewa kuɗin haya ba riba ce zalla ba. Bisa ga Muhtasar, ba a tilasta wa maigida gyara, amma idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyo da damina, ɗan haya yana da zaɓi: ko ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna ya biya cikakken kuɗi. Wannan iyakar abin da alƙali zai hukunta ke nan. Mutunci kuwa ya fi haka, gama Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kwashe masai, da yashe kwata, da kuɗin wuta na KEDCO inda ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, duk a faɗi wanda zai biya tun farko, kuma a duba ko wanda ya tashi ya bar bashin wuta kafin sabo ya shiga.

Mutanen Waje ba su manta da gobarar da ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin Maris na 2016 ba. Idan irin wannan ta auku, Allah Ya kiyaye, mene ne hukunci? Risala ta ce idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar ta warware a kan abin da ya saura. Watau wanda ya karɓi kuɗin shekara, gini ya salwanta bayan wata huɗu, kuɗin wata takwas ba nasa ba ne. Ɗan haya kuma amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai an tabbatar da sakaci ko ta'adi daga gare shi. Saboda haka mai hankali ba ya cinye kuɗin shekara a watan farko.

Ran da kuɗi suka ƙi fitowa

Masu kasa biya iri biyu ne. Akwai wanda kasuwa ta juya wa baya ko albashi ya makale masa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa irinsa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Akwai kuma mai hali da ke taurin bashi. Wannan zalunci yake yi, kuma neman haƙƙi a hannunsa ba rashin tausayi ba ne. Idan ɗan haya ya rasu, Risala ta ce haya ba ta warwarewa da mutuwarsa, don haka iyalinsa na da ikon zama har wa'adi ya cika.

Ko wane iri ne, ba a cire kwanon ɗaki, ba a garƙame ƙofa, ba a watsa kayan mutum a titi. A fara da sulhu wajen mai unguwa ko dattawan layi. In abin ya faskara, dokar ƙasa ta shimfiɗa hanya: idan takarda ba ta yanke wani wa'adi ba, mai hayar wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai hayar shekara wata shida, sa'an nan notis na kwana bakwai, sa'an nan kotu. Cikin 1986 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tsawata wa Gwamnatin Soja ta Jihar Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfi alhali magana na gaban kotu. Abin da aka hana gwamna, ba za a yardar wa mai ɗaki shida ba.

Zakka da takardun gida

Ginin da aka ajiye don haya babu zakka a kansa. Zakka tana kan kuɗin hayar da aka karɓa, idan su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mutum suka kai nisabi, watau kimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo suna hannu. Abin fitarwa ɗaya ne bisa arba'in, watau N2.50 a cikin kowace N100.

Takardun gidan ma a kula da su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, saboda haka wanda ya sayi gida sai ya tabbata takardar mallaka ta koma sunansa da yardar hukuma. Idan kuwa gidan gado ne da ba a raba ba, mai karɓar haya wakili ne kawai, kowane magaji yana da rabonsa a kowace Naira, marayu kuma su ne a gaba wajen kiyayewa.

Jama'a, duk abin da muka zana bai fi cikin takarda guda ba, rubuta shi kuma bai fi zaman sa'a ɗaya a zaure ba. Wanda ya yi niyyar zuba haya, ya kai takardarsa wajen malami da lauya su duba masa kafin makulli ya bar hannunsa. Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, amin.