Gadar dutse ta kogin Dirina

A gabashin ƙasar Bosniya, inda kogin Dirina ya ratsa tsakanin tsaunuka masu duhun itatuwa, akwai wata gadar dutse a garin Bishegirad wadda aka kammala a 1577. Babban wazirin Daular Usmaniyya, Mehmed Pasha Sokolobic, haifaffen yankin, shi ya sa aka gina ta, aikin kuwa na shahararren maginin nan ne Mimar Sinan. Tsawonta ya kusa mita 180, tana da baka 11, kuma ta kanta hanyar Sarayebo zuwa Santambul ta bi.

To, me ya riƙe ta tun kafin zamanin kankare da rodi? Nauyinta. Dutse yana jure danniya ƙwarai, amma bai iya lanƙwasa ba. In aka gitta dogon fallensa a kan ginshiƙai biyu aka ɗora kaya, ta ƙasa zai tsage. Sai magina suka riƙa sassaƙa duwatsu, samansu da faɗi, ƙasansu a tsuke, suna jera su a kan katakon da aka kafa da siffar baka. Da an cusa na tsakiya, sai a zare katakon. Kowane dutse yana neman faɗuwa, na kusa da shi ya tokare shi, nauyin ya gangara gefe da gefe har ya sauka a kan ginshiƙai. Siffar ta yi kama da bakan gizon sorayenmu, sai dai namu azara ce a cikinsa, wannan kuwa dutse ne ke danne dutse.

A ambaliyar 1896 ruwa ya shanye gadar baki ɗaya, da ya janye sai ga ta a tsaye. Abin da kogi ya kasa, mutum ya yi: an rusa baka 3 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an lalata 5 a na Biyu, daga baya aka sake gina su. A yaƙin Bosniya, a 1992 ma, an yi wa fararen hula Musulmi kisan gilla a kanta.

Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2007. A ganina, masu yabon kyanta sukan manta da inda rauninta yake, wato gindin ginshiƙai. Madatsun ruwan lantarki da aka gina sama da ƙasa da garin sun sauya hawa da saukar kogin, kuma ginshiƙi guda in ya gusa, bakan da ke kansa ba shi da abin tokara. Yanzu an hana motoci hawanta, sai masu tafiya da ƙafa.