Kanada Da Amurka: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Mutane da yawa a ƙasar nan in sun ji an ambaci Kanada, sai su ɗauka wata jiha ce daga cikin jihohin Amurka. Ana jin irin wannan magana a wuraren hira a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Ibadan, musamman yanzu da samari ke ta neman hanyar fita waje don karatu ko neman abinci. Kuskuren kuwa ba ƙarami ba ne, domin akwai waɗanda ya jawo wa hasarar kuɗi, akwai kuma waɗanda ya kai su hannun hukuma a bakin iyaka.

Gaskiya ne ƙasashen biyu maƙwabtan juna ne. Iyakarsu ta kai kilomita 8,891, babu wasu ƙasashe biyu a duniya masu doguwar iyaka kamar wannan. Motocinsu da gidajensu da Turancin da suke yi duk sun yi kama. Amma Kanada ƙasa ce mai cin gashin kanta, da tutarta da kuɗinta da sojojinta. Ta fi Amurka faɗin ƙasa, Rasha kaɗai ta fi ta a duniya, sai dai mutanenta ba su da yawa. A 2023 suka cika miliyan 40, alhali ƙidayar 2020 ta nuna Amurkawa sun haura miliyan 331. Babban birninta Ottawa ne, ko da yake Toronto ya fi girma da suna.

INDA AKA RABU

Asalin rabuwar tun zamanin mulkin Ingila ne. A 1776 yankuna 13 suka yi wa Sarkin Ingila tawaye, suka yi yaƙi, suka kafa Amurka. Dubban mutanen da suka ƙi goyon bayan tawayen suka kwashe iyalinsu suka yi arewa, suka zauna a inda ake kira Kanada yau. A yaƙin 1812 Amurka ta nemi ta ci wannan yanki da ƙarfi, ba ta yi nasara ba. Sojojinta sun ƙone gine-ginen hukuma a garin York, watau Toronto ta yanzu, a 1813, sojojin Ingila kuma suka ƙone fadar shugaban Amurka a 1814.

Ita Kanada ba da yaƙi ta sami mulkin kai ba, sannu a hankali aka yi ta miƙa mata. Ranar 1 ga watan Yuli 1867 aka haɗa tarayyar, sai a 1982 ikon gyara tsarin mulkinta ya dawo hannunta daga majalisar Ingila. Har yanzu Sarki Charles na III shi ne Sarkin Kanada, Gwamna Janar ke wakiltarsa, amma ragamar mulki tana hannun Firayim Minista, wanda ke fitowa daga majalisa.

Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko ba za su sha wuyar gane wannan ba. Irinsa aka yi a Nijeriya daga 1960 zuwa 1963, lokacin da Dokta Nnamdi Azikiwe ke Gwamna Janar, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ke Firayim Minista. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da Nijeriya ta ɗauka a 1979 kuwa daga Amurka aka aro shi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne harsunan hukuma biyu ne a Kanada, Turanci da Faransanci, bisa dokar 1969. A lardin Kwibek Faransanci ne harshen ofis da makaranta da kasuwa. Sau biyu mutanen lardin suka jefa ƙuri'a kan ɓallewa, a 1980 da 1995. A ta biyun da ƙyar aka sha, domin masu son a zauna tare ba su kai kashi 51 cikin ɗari ba. Saboda haka wanda ya nufi Montreal da Turanci kaɗai, akwai ayyuka da dama da za su gagare shi.

ASIBITI DA BINDIGA

Babban abin da mutumin Kanada ke taƙama da shi a kan maƙwabcinsa shi ne sha'anin asibiti. Lardin Saskatchewan ne ya fara, a ƙarƙashin Firimiya Tommy Douglas, wanda ya kawo inshorar kwanciya asibiti ta gwamnati a 1947. A 1962 lardin ya ƙara da kuɗin ganin likita, daga baya sauran larduna suka bi sahu, dokar tarayya ta 1984 kuma ta ƙarfafa tsarin. Ɗan ƙasa ko mai takardar zama na dindindin yakan nuna katinsa na lardi, likita ya duba shi, a yi masa aiki in ta kama, ba a ce ya kawo ko kwabo ba.

To amma masu cewa magani kyauta ne a Kanada sun faɗi rabin magana. Da kuɗin haraji ake biya, harajin kuwa ana yankar sa daga albashi tun kafin ya shiga hannu. Tabarau da yawancin magungunan da mutum zai saya ya sha a gida ba su cikin katin ga akasarin magidanta. Har ila yau akan yi watanni ana jiran a ga babban likita ko a yi aikin da ba na gaggawa ba. Baƙon da ya shiga da bizar ziyara ba ya cikin tsarin ko kaɗan, in ciwo ya kama shi daga aljihunsa zai biya.

A Amurka kuwa yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar kamfanoni. Gwamnati ta kafa tsarin taimakon tsofaffi da na matalauta a 1965, dokar Shugaba Obama ta 2010 kuma ta shigar da miliyoyin mutane. Mai inshora mai kyau yakan ga likita da wuri, amma wanda ya rasa aikinsa yana iya rasa inshorarsa, ciwo guda ya jefa shi bashin shekaru. Haka nan wajen haihuwa. A Kanada iyaye masu aiki suna iya ɗaukar hutun shekara guda ko wata 18 ana ba su wani kashi na albashi, dokar tarayyar Amurka ta 1993 kuwa mako 12 ta bayar, ba tare da biya ba.

Mallakar bindiga haƙƙi ne a tsarin mulkin Amurka tun 1791. A Kanada ba haka ba ne, sai an yi kwas, an binciki halin mutum, sannan a ba shi lasisi. An ƙara tsananta dokar a 1995, bayan wani mutum ya harbe mata 14 a wata makarantar injiniya a Montreal a 1989. Duk da haka akwai bindigogin farauta da yawa a ƙauyukan Kanada. Hukuncin kisa ma an soke shi kan laifin kisan kai a 1976, alhali jihohin Amurka da dama suna zartar da shi.

SANYI DA ZAMAN BAƘI

Ana kuma cewa Kanada ƙanƙara ce daga farkon shekara har ƙarshenta. Sanyin hunturu gaskiya ne, yana iya kashe wanda ya yi wasa da shi. Amma akasarin jama'a a kudu suke, dab da iyaka. Toronto ta fi biranen Seattle da Minneapolis na Amurka kudu, a Vancouver kuma ruwan sama ya fi ƙanƙara yawa. A watan Yuni 2021 zafi ya kai digiri 49.6 a ƙauyen Lytton.

Kanada ta yi suna wajen karɓar baƙi, ƙidayar 2021 ta nuna kashi 23 cikin ɗari na mazaunanta baƙi ne da aka haifa a waje. Musulmi sun kusa miliyan 1.8, masallacin farko kuwa an gina shi a Edmonton tun 1938. Amma kada a ɗauka babu wariya. An kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 aka tsare a makarantun kwana don a raba su da harshensu, gwamnati ta nemi gafara a 2008. A watan Janairu 2017 an harbe masallata shida a birnin Kwibek, a 2019 kuma lardin ya hana malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda sanya alamar addini a bakin aiki, har da hijabi.

GARGAƊI GA MAI NIYYAR TAFIYA

Bizar Amurka ba ta shigar da mutum Kanada, ta Kanada ma ba ta shigar da shi Amurka. Cacar biza ta Amurka ce, kuma tun 2013 aka cire 'yan Nijeriya daga cikinta. Kanada ba ta yin cacar biza ga masu neman aiki. Tun 1967 maki take bayarwa bisa ilmi da shekaru da sana'a da iya harshe. Duk dillalin da ya karɓi kuɗi da sunan cacar Kanada, damfara ya yi.

A 2017 da 2018 dubban 'yan Nijeriya masu bizar Amurka sun bi wata 'yar hanya da ake kira Roxham suka tsallaka Kwibek da ƙafa suna neman mafaka, da yawa daga cikinsu kuma aka ƙi karɓar roƙonsu. An toshe wannan kafa a watan Maris 2023, akasarin masu gwadawa Amurka ake mayar da su. A 2024 Kanada ta kuma rage yawan ɗalibai baƙi da take ɗauka.

Su kansu mutanen Kanada ba su son a haɗa su da maƙwabtansu. Da Shugaba Donald Trump ya yi ta cewa a 2025 Kanada ta zo ta zama jiha ta 51, jama'a da yawa suka ƙaurace wa kayan Amurka, suka fasa zuwa can hutu. Saboda haka mai niyyar tafiya ya fara sanin ƙasar da ya nufa da dokokinta, ya nemi bayani daga ofishin jakadancinta a Abuja ko Legas kafin ya sayar da gona ko shago. Matambayi ba ya ɓata.