Ko Kun Sani? Wa'azin Kano da na Jamus sa'annin juna ne

A daidai shekarun da Jamusawa ke rububin littafin wa'azinsu mafi shahara, Kano ma ta samu nata. Wajen 1492 Shehu Muhammad al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa Tajuddin, ɗan littafi mai babi 8 kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓoye wa talakawansa. Wanda ya hau adaidaita sahu daga Gyadi-Gyadi ya nufi cikin gari, zai tarar da Gidan Rumfa na nan, haka ma unguwar Sharifai da ake dangantawa da zuriyar malamin.

A 1494 kuma, a birnin Basel, wani lauya mai suna Sebastian Brant ya fitar da Jirgin Wawaye, waƙa da Jamusanci mai babi 112. Shi kam bai bar kowa ba: mashayi, ɗan caca, mai kwaɗayin dukiya, har da mai tara littattafan da ba ya karantawa, kowa da hotonsa.

Injin ɗab'i ne ya raba hanyarsu. Na Brant ya koma Latin tun 1497, ya bazu a Turai. Na Maghili da alƙalami da tawada malamai suka yi ta kwafarsa, har ya iso hannun malaman jihadin Sakkwato bayan shekara 300.