Abin da Aka Gano Bayan Shekara 80 Ana Bin Diddigin Mutum 724

A shekarar 1938 wani likita a jami'ar Harvard ta Amurka, Arlie Bock, ya ga cewa likitanci ya duƙufa kan marasa lafiya, ya manta da tambayar abin da ke sa wasu su rayu lafiya lau. Ya samu wani attajiri mai kantuna, W. T. Grant, ya zuba kuɗi, aka zaɓi samari 268 daga ɗaliban jami'ar aka soma nazarinsu. An auna tsayinsu da faɗin ƙirjinsu, an ɗebi jininsu, an je har gida an zauna da iyayensu. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan masu kuɗi, John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

A wajajen wannan lokaci kuma wasu masana biyu, miji da mata, Sheldon da Eleanor Glueck, suna bin rayuwar yara maza 456 daga unguwannin talakawan birnin Boston, inda gidaje da yawa ko ruwan famfo na kirki ba su da shi. Daga baya aka haɗe binciken biyu, suka zama mutum 724. Duk shekara biyu a aika musu takardar tambayoyi, duk shekara biyar a duba bayanan asibitinsu, lokaci zuwa lokaci a je a yi hira da su ido da ido. Masu binciken farko suka tsufa suka mutu, wasu suka gaje su. Yanzu aikin yana hannun shugabansa na huɗu, likitan ƙwaƙwalwa Robert Waldinger, kuma an koma kan 'ya'yan mutanen nan.

Shekara tamanin ta ishi duniya ta juya mutum yadda ta ga dama. Ɗan talaka ya yi arziki, ɗan gata ya lalace. Wasu giya ta cinye su, kuma George Vaillant, wanda ya shugabanci binciken sama da shekara talatin, ya nuna cewa ita ce kan gaba wajen kashe auren 'yan Harvard ɗin. Amma da aka zo tambayar da kowa ke jira, wato wa ya tsufa da lafiya da kwanciyar hankali, sai amsar ta fito daga inda likitoci ba su fi sa ido ba. Aka koma kan bayanan mutanen nan lokacin suna da shekara 50, ana neman abin da zai nuna yadda za su kasance a shekara 80. Yawan kitsen da ke cikin jininsu bai faɗi gaskiya kamar yadda zamansu da mutane ya faɗa ba. Waɗanda suka fi jin daɗin zama da iyalansu da abokansu a shekara 50, su ne suka fi lafiya a 80.

Da bincike ɗaya ne da sai a ce dace aka yi. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, suka ga masu dangantaka mai ƙarfi sun fi sauran damar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi mai sauƙi ne. Idan abu ya tayar maka da hankali, zuciya takan ƙara bugu, jini ya hau, jiki ya saki sinadaran shirin faɗa ko gudu. Wannan ba laifi ba ne muddin jiki zai koma daidai. Wanda ke da wanda zai faɗa wa damuwarsa da daddare yakan sauko. Wanda ba shi da kowa yakan kwana da ita ya tashi da ita, a hankali ta ci jijiyoyin jini da garkuwar jiki. Ga kuma dalili na fili: mai mutane yana da wanda zai ce masa "ka sha maganin kuwa?", da wanda zai ɗauke shi zuwa asibiti da tsakar dare. Abin ya kai Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da ta shan sigari har kara 15 a rana.

Na san a nan Bahaushe zai yi murmushi ya ce an kashe miliyoyin daloli don a gano abin da kakarsa ta sani: mutum rahama ne. Ni ma na yi murmushin. Sai dai ina ganin bai kamata mu yi saurin yaba wa kanmu ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata al'ada. Duk Juma'a bayan La'asar sai ya goge kekensa ya fita. Gidan yayarsa ne farko, sai gidan wani malaminsa da ya makance, sai duk wanda aka ce ba shi da lafiya a satin. Bai cika wuce minti goma a gida ɗaya ba, kuma sau da yawa ba ya riƙe da komai sai goro. Muna yara muna ganin wahala ce kawai. In an tambaye shi sai ya ce zumunta a ƙafa take. Ni yau ina da mota, ina da lambar kowa a waya, ina cikin zauren WhatsApp na dangi har uku, kuma akwai gwaggona a cikin gari ɗaya da ni da na shekara ban taka gidanta ba. Ina tura mata kuɗi, alat yana shiga, tana sa a kira ni ta sa mini albarka. Ni da ita duk mun san ba a biya bashin ba.

Kaɗaici ya shigo mana ta ƙofofin da ba mu tsare ba. Amaryar da aka ɗauko daga gidan yawa aka kai sabuwar unguwa a bayan gari, katanga ta fi mutum tsawo, maƙwabta ba a san sunansu ba, miji ya fita da safe sai dare. Tsohon da ya yi ritaya, abokan majalisarsa suna ta raguwa, 'ya'ya suna Abuja da Legas. Saurayin da ya gama karatu bai samu aiki ba, ya daina zuwa ɗaurin aure don gudun tambayar "ina ake yanzu?". Ba wanda zai kira waɗannan marasa gata, amma a cikinsu akwai mai yini bai yi hira ta minti biyar da kowa ba.

Akwai kuma abin da binciken Harvard ya nanata wanda ya kamata ya tsaya mana a rai: yawan mutane ba shi ne magana ba. Zaman aure mai cike da rikici da rashin ƙauna ya nuna illa ga lafiya ƙwarai. Ma'auratan da suka tsufa da kaifin tunani ba waɗanda ba sa saɓani ba ne, wasunsu kullum cikin cacar baki suke, amma kowanne ya tabbata in ta yi tsami ɗayan na nan. Waldinger yakan ba da labarin wata tambaya da suka yi wa mutanen: wa za ka kira da tsakar dare in kana ciwo ko kana jin tsoro? Wasu suka jero sunaye. Wasu, har da masu aure, suka kasa kawo ko ɗaya. A gidajenmu da ake kwana mutum ashirin, inda kishi da 'yan ubanci da rabon gado suka raba zukata, tambayar nan za ta ba da amsoshin da ba a zata ba. Zumuncin da ya koma gasar anko da ƙirga gudummawar biki, wanda mace ke cin bashi don kada a yi da ita, nauyi ne aka ɗora wa suna mai kyau.

To kuɗi fa? Ba na son irin rubutun da ke ce wa mai jin yunwa ya yi murmushi. Kuɗi suna da tasiri, kuma masana ba su musa ba. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton, waɗanda kowannensu ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, suka duba amsoshin Amurkawa 450,000 suka ce jin daɗin yau da gobe yana ƙaruwa da ƙaruwar samu har zuwa kimanin dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya fito da sakamakon da ya saɓa, ya ce ba ya tsayawa. Maimakon su yi ta jifan juna sai Kahneman da Killingsworth suka zauna tare suka sake lissafi, a 2023 suka bayyana cewa ga yawancin mutane yana ci gaba da ƙaruwa, amma akwai wani rukuni na masu baƙin ciki mai zurfi da ƙarin kuɗi ba ya ƙara musu komai bayan wani mataki. Wanda ke lissafin mudun masara da kuɗin makaranta ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Abin da ya rage shi ne abin da mutum zai iya yi da ɗan abin da ke hannunsa.

A nan ne ƙananan gwaje-gwaje suke burge ni. A 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada suka raba wa mutane dala 5 ko dala 20 da safe. Wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu aka ce su kashe wa wani. Da yamma aka tambaye su, waɗanda suka kashe wa wasu sun fi farin ciki, kuma bambancin biyar da ashirin bai yi tasiri ba. An gwada makamancinsa a Uganda da Afirka ta Kudu, aka ga abu ɗaya. A 2014 Nicholas Epley da Juliana Schroeder suka roƙi masu shiga jirgin ƙasa zuwa aiki a Chicago su ja baƙon da ke kusa da su da hira. Kafin su yi, mutane sun zaci zama shiru ya fi daɗi. Bayan sun yi, masu hirar ne suka fi jin daɗin tafiyar. Wato doguwar gaisuwar nan tamu, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, wadda 'yan zamani ke gani ɓata lokaci ce, da hirar mai shayi da ta direban a-daidaita-sahu, suna cikin abincin zuciya na yau da kullum.

Rahoton farin ciki na duniya na 2025 ya ware babi guda kan cin abinci tare. Senegal ce ta zo kan gaba, inda mutum ke cin abincin rana da na dare tare da wasu kusan sau 12 cikin 14 na mako. A Amurka kuwa, a 2023, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya ce jiya duk abincinsa shi kaɗai ya ci. Rahoton ya nuna masu yawan ci tare da wasu sun fi gamsuwa da rayuwarsu, a kowane yanki na duniya. Wanda ya tashi a unguwar da ake ciyayya, inda bayan Magariba kowane magidanci ke fito da kwanonsa ƙofar gida a haɗu a ci, ya san abin da ake nufi. A wurin nan ne ake gane wanda yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ya ci ya ƙoshi ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba.

Wani zai tuna cewa a 2003 an taɓa cewa 'yan Najeriya ne suka fi kowa farin ciki a duniya, bisa wani bincike da mujallar New Scientist ta buga. Yau kuwa a jerin ƙasashe na rahoton farin ciki na duniya Finland ce ke zuwa ta ɗaya tun 2018, Najeriya da Nijar sukan faɗo can wajajen ta ɗari. Tambayoyin ne suka bambanta. A na farko an tambayi mutum ko yana cikin farin ciki. A na biyu ana ce masa ya ɗauki rayuwa kamar tsani mai hawa daga sifiri zuwa goma, ya faɗi inda yake tsaye. Wanda ya yini cikin raha da mutane zai amsa ta farko da "alhamdu lillahi", amma in ya tuna asibiti da hanya da tsaro, ba zai ɗora kansa a saman tsani ba. Duka amsoshin gaskiya ne. Gyaran tsanin aikin hukuma ne, kuma ba za a yafe mata shi da sunan mutanenmu masu haƙuri ne ba.

Binciken Harvard yana da nasa raunin. Mutum 724 na farko duk maza ne, duk farar fata, sai daga baya aka shigo da matansu. Kuma irin wannan nazari ba ya iya rantsuwa cewa zumunci ne ya kawo lafiya, domin mai lafiya ma ya fi iya fita zumunci. Mai yiwuwa kowanne yana ciyar da ɗayan. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne waɗanda suka fi jin daɗin ritaya a cikinsu su ne waɗanda suka tashi da gangan suka nemi sababbin abokai a madadin na wurin aiki. Wasu sun gyara rayuwarsu bayan sun haura sittin, sun yi sabon aure mai daɗi, ko sun nemi ɗan'uwan da aka shekara ba a magana.

Juma'ar da ta wuce na ajiye mota a bakin lungu, don ba ta shiga, na taka zuwa gidan gwaggona. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗaga kai ta dube ni da kyau, ta ce, "Lafiya dai? Wa ya rasu?" Na ce babu kowa, gaishe ki na zo yi. Ta yi shiru, sannan ta turo mini kujera 'yar tsuguno da ƙafa, ta miƙo mini rabin gyaɗar. Sai da aka kira Magariba na tashi.