Haɗarin Mota Da Rauni A Wurin Aiki: Ka San Haƙƙinka Kafin Ka Ce Ka Yafe

Kusan duk mun san yadda abin ke ƙarewa. Mota ta kaɗe magidanci, an kwashe shi zuwa asibiti ko gidan mai ɗori. Kashegari sai ga direba da shugabannin tasharsu da dattijon unguwa, a yi jaje, a ajiye ɗan abin sayen magani, a ce ƙaddara ce. Dangi su ce sun bar wa Allah, a shafa fatiha. Bayan wata shida ƙafa ta ƙi ɗoruwa, jari ya ƙare a magani, yara sun bar makaranta, masu jaje kuwa kowa ya kama gabansa.

Imani da ƙaddara wajibi ne, yafiya kuma halin kirki ce. Sai dai addinin da ya koya mana su shi ne ya shar'anta diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai in su ne suka yafe. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare, ido da hannu da haƙori ma kowanne da kasonsa. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke bisa kanta, ko mai janta, ko mai kora ta. To ina ga mai tuƙa tirela? Sannan diyya gado ce, akwai rabon marayu a ciki. Kafin wani kawu ya ce "mun yafe" a madadin kowa, ya kamata a tambayi malamai ko yana da hurumin yafe abin da ba nasa ba.

Dokar ƙasa ma ta tanadi hanya. Abin da kotu ke dubawa shi ne: akwai nauyin kiyaye lafiyarka a wuyan wanda kake ƙara? Ya yi sakaci da nauyin? Sakacin ne ya jawo maka cutar? In an tabbatar da waɗannan, ana iya biyan ka kuɗin magani, da abin da ka rasa na sana'a, da raɗaɗin da ka sha, da nakasar da za ta bi ka. In direban yaron wani ne, kuma yana bakin aikin uban gidansa ne abin ya faru, mai motar ko kamfanin ma yana cikin lamuni. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya tsallaka titi ba dubawa, ko ya hau saman lodin kaya, kotu na iya rage masa diyya gwargwadon laifinsa. A kuma sani, shari'ar da 'yan sanda ke kai direba kan tuƙin ganganci daban take da ƙarar neman diyya. Wannan ta biyun mai rauni ko magadansa ne ke shigar da ita.

Da yawa za su ce direba talaka ne, me zai biya? Nan amfanin inshora yake. Tun dokar 1945 aka wajabta wa duk abin hawa da ke bin titi a Najeriya inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma har yau wajibi ce. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya kan ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da rasa rai su ma suna cikin abin da take ɗauka. Matsalar ita ce takardun bogi da ake cusa wa mutane cikin fatikula. Mai mota ya sayi tasa a kamfani mai rajista, wanda ke da shakku kan inshora kuma akwai kamfanonin takaful da ke bin tsarin Musulunci.

Ma'aikaci kuma da inji ya datse wa hannu, ko ya faɗo daga bene a wurin gini, akwai dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Dokar ta ce a sanar da mai kamfanin cikin kwana 14, shi ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda.

Lokaci shi ne abin da ya fi cinye haƙƙin mutane. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da irin wannan ƙara, in ya wuce shi ke nan, ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. In abin ya shafi jami'i ko hukumar gwamnatin tarayya, wa'adin yakan zama wata 3 kacal. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka in tsautsayi ya faɗa, a fara da ceton rai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ce 122, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Daga nan wani ɗan'uwa ya rubuta lambar motar, ya ɗauki hoton wurin da na raunin da waya, ya karɓi sunaye da lambobin shaidu. A kai rahoto ga 'yan sanda, a nemi rahoton likita, a adana kowane rasit, ko na allura guda ne. Wanda ya tafi gidan ɗori kai tsaye ba tare da hoton ƙashi ko takardar asibiti ba, ya raunana hujjarsa da hannunsa.

Sulhu alheri ne, kuma ya fi kotu sauri. Amma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, musamman tun likita bai faɗi iyakar raunin ba. A yi sulhun a rubuce, da shaidu, a fayyace wa zai biya magani har a warke. In za ka ɗauki lauya, ku yi yarjejeniyar ladansa a rubuce tun farko. Wanda ba shi da hali ya nufi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar haɗari tana cikin aikinta. A guji ƙara gishiri ko rasit na ƙarya, wannan cin haram ne, kuma laifi ne a doka.

Jama'a, wanda ya san abin da yake bi sannan ya yafe, Allah Ya saka masa da alheri. Amma kada kunya ko rashin sani su sa mu bar gurgu da marayu da bara. Allah Ya kiyaye mu da tsautsayi, Ya sauke matafiyanmu lafiya.